Shekara Ta Zagayo: Me Ƙungiyarmu Ta Bari?

Kwanan baya aka gayyace mu taron ƙarshen shekara na wata ƙungiyar zumunta a wajen Ƙofar Dawanau, cikin birnin Kano. Yawancin mutanenta malaman makaranta ne da akawuna, sai 'yan kasuwa kaɗan. Sakatare ya tashi ya karanta abin da aka yi tun daga watan Muharram har zuwa Babbar Salla. An yi buɗe-baki tare cikin azumi, an yi liyafar Salla, an raka wani ɗan ƙungiya ɗaurin aure, an yi wa wani walimar ƙarin girma, sa'an nan an ɗauki mota an tafi shan iska madatsar ruwa ta Tiga. Aka tafa masa, mu ma muka tafa. Amma da muka fito muka bi ta gindin badala, sai wata tambaya ta tsaya mana a rai. Watau, in an ɗebe abin da aka ci aka sha, me wannan shekara ta bar wa unguwa?

Kada a ɗauka muna ƙin nishaɗi ne. Mutumin da ya wuni yana fama da alli da yara, ko da fayil da lissafi, lalle yana bukatar inda zai zauna ya yi dariya da 'yan'uwansa. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda bai taɓa cin tuwo da kai ba da wuya ya ɗauki gatari ya bi ka aikin gayya. Abin da muke cewa shi ne, liyafa ƙofa ce, ba a kwana a bakin ƙofa.

Mu tuna da waɗanda suka riga mu. Wajen 1943 wasu malamai suka riƙa taruwa a Bauchi suna muhawara a kan al'amuran ƙasa, cikinsu har da Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1945 Malam Shehu Shagari da abokansa suka kafa ƙungiyar samari a Sakkwato. Jam'iyyar Mutanen Arewa kanta, wadda ta yi babban taronta a Kaduna a 1949, ƙungiyar zumunta da raya al'adu ce kafin ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Yawancin waɗannan mutane kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e, albashinsu bai taka kara ya karya ba. Daga irin wannan zama aka sami Firayim Minista a 1957, aka sami Shugaban Ƙasa a 1979. Ba muna nufin kowace ƙungiya ta koma jam'iyya ba ne. Muna nufin su waɗancan in sun taru sukan tashi da wani abu a ka, ba a ciki kaɗai ba.

To, mu fa? Ga mu zaune a gindin abin da baƙi ke ƙetaro teku su zo gani. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma gina ganuwar birni. Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, sarakunan bayansa kuma suka ƙara. Ƙofar Dawanau tana tsakanin Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa. A da kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, in dare ya yi a rufe, sai gari ya waye a buɗe. Yau kuwa kowa ya bi ta nan ya san halin da badala take ciki. Nan ruwan sama ya zaizaye ta, can an ɗebi ƙasarta an yi gini, gaba kaɗan an mai da ita juji. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya, amma rubutu a takarda ba ya tsare bango. Mun tambayi yaran wani aji su lissafa mana ƙofofin birni, kaɗan ne suka wuce biyar. Laifin ba nasu ba ne, gama ba wanda ya taɓa riƙe hannunsu ya kai su.

Saboda haka ga shawararmu ga wannan ƙungiya da sauran irinta. Kada a rage liyafa ko ɗaya, amma a tsara shekara yadda kowace fita za ta zo da riba.

Da hunturu, sa'ad da rana ba ta da zafi, a yi zagayen badala da ƙafa, daga Ƙofar Dawanau zuwa Waika, zuwa Kansakali, har Kabuga, wajen da Turawa suka shigo birni a Fabrairun 1903. Kowane ɗan ƙungiya ya zo da yaro ɗaya ko biyu, maza da mata. A roƙi wani dattijo na unguwa ya yi bayani, sakatare kuma ya rubuta. Tsofaffin da suka ga badala da tsayinta suna ta ƙarewa, abin da ba a rubuta daga bakinsu ba kuwa ya tafi ke nan.

Ran Takutaha, mako guda bayan Maulidi, jama'a sun saba hawan Dala. Maimakon a hau a sauko kawai, malamin tarihi ya tsaya a bisa ya nuna wa yara Gwauron Dutse, da Kasuwar Kurmi, da Gidan Rumfa, ya gaya musu labarin Barbushe da maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen. Darasin da zai ci mako guda a aji, a can sa'a ɗaya ta isa, domin gani ya kori ji.

Kafin damina ta sauka, a sa rana guda ta aikin gayya. A yashe magudanan ruwa, a kwashe sharar da ke gindin badala, a sanar da mai unguwa tun da wuri don a tafi tare da shi. In an gama a ci tuwon, ranar ce ma zai fi daɗi.

Da kaka kuwa a tafi Kasuwar Dawanau, can kan hanyar Katsina, inda ake sauke gero da dawa da wake da riɗi, fatake na zuwa har daga Nijar da Cadi da Kamaru. Yaron da ya tsaya ya ga yadda ake awo da ciniki a can, ba zai sake tambayar malaminsa amfanin lissafi ba.

Wani zai ce, ai wannan aikin Gwamnati ne, mu mun kafa ƙungiya ne don mu huta. Gaskiya ne gyaran ganuwa ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta. Amma hana ɗibar ƙasa da zubar da shara ba ya bukatar kuɗi, ido yake bukata da baki. Hukuma kuma ta fi saurin jin kukan mutanen da ta ga sun riga sun soma da kansu. Wani kuma zai ce babu kuɗi. Duk abin da muka lissafa, in aka haɗa shi, bai kai kuɗin motar zuwa Tiga sau ɗaya ba. A nan ma muna roƙon ma'aji ya riƙa karanta lissafin shiga da fita a gaban kowa, gama ƙungiyoyi da yawa zargin kuɗi ne ya kashe su, ba rashin kuɗi ba.

Baɗi war haka sakatare zai sake tashi da takardarsa. Muna fata bayan ya karanta yawan ragunan da aka yanka, zai karanta yawan yaran da suka zaga badala, da labaran da aka rubuta daga bakin dattawa, da magudanar da aka yashe. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu ikon aikatawa, amin.