Yini Guda A Tsohuwar Mahaƙar Zinare Ta Masar

Da yawanmu kan je Masar don ganin likita, ko saro kaya, ko duba yaron da ke karatu a Azhar, amma yawon ba ya wuce birnin Alƙahira. To, idan maigida ya samu sarari har kuka gangara kudu zuwa Luksor, ki ba shi shawara ku ware yini ɗaya ku kai yara Wadi Hammamat, inda mutanen da suka haƙi zinare a tsakiyar hamada. Ke da kike ado da gwal, kike kuma ajiye shi don ranar buƙata, ya dace ki ga irin wahalar da ake sha kafin ya iso hannunki.

Daga Luksor za ku yi arewa kamar kilomita 40 zuwa garin Kift, sannan ku karkata gabas ku ɗauki titin da ya ratsa hamada zuwa Kusair a bakin Bahar Maliya. Tsawon titin ya kai kimanin kilomita 180, wurin kuwa yana wajen tsakiyarsa. In an yi sammako, ana iya dawowa masauki kafin dare.

Abin da za ku fara gani shi ne manyan duwatsu cike da rubutu da zane na zamanin Fir'aunoni. Wani daga cikinsu ya ba da labarin ayarin mutum fiye da 8,000 da sarki Ramsis na huɗu ya turo su sassaƙo dutsen gumaka, wajen shekara 1150 kafin miladiyya, kuma ya ambaci mutum 900 da suka mutu. A zamanin nan ne aka zana taswirar kwarin a kan takardar ganye, aka nuna duwatsun da ke da zinare da gidajen masu haƙa da rijiyarsu. Taswirar tana nan ajiye a gidan tarihi na birnin Turin a Italiya, kuma tana cikin tsofaffin taswirori na duniya.

Gaba kaɗan sai kufan wani gari da ake kira Bir Umm Fawakhir, wato rijiyar uwar tukwane, saboda tsingaron da ya cika wurin. Masu bincike daga Jami'ar Cikago sun fara aiki a nan a 1992, suka ƙirga gine-gine fiye da 200 na mahaƙan da suka zauna a ƙarni na 5 da na 6 na miladiyya. Za ki ga ɗakuna da dakalin dutse, za ki kuma ga duwatsun niƙa a yashe ko'ina, wasu sun lotsa irin na kakanninmu. Ki tsaya a kansu da kyau, uwargida, domin ba gero aka niƙa a kansu ba.

Zinaren wannan hamada a cikin farin dutse yake, ƙwaya-ƙwaya, giram kaɗan a cikin tan guda. Wani marubucin Girka mai suna Agatarkidis, wanda ya rayu a ƙarni na 2 kafin miladiyya, ya bayyana yadda ake aikin a mahaƙun gabashin Masar a zamaninsa. Ana hura wuta a jikin dutse har ya tsage, majiya ƙarfi su farfasa shi, yara ƙanana su kutsa cikin rami su kwaso. Maza su daka a turmin dutse, sannan mata da tsofaffi su niƙa har ya koma kamar garin tuwo, kana a wanke shi da ruwa a kan allo mai gangare, zinaren ya kwanta. Ashe tun asali mata da yara suna cikin waɗanda ke ɗaukar nauyin wannan sana'a.

Wannan niƙa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A shekarar 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, kuma kimanin 400 ne suka rasu. Dalili shi ne dutsen zinaren yankin yana haɗe da dalma, an kuwa riƙa shigo da shi cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa a tsakar gidan da yaro ke rarrafe. Ƙurar ta sauka a ƙasa, yaro ya taɓa ya kai baki. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta yi wa dubban yara magani, amma gubar dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta cika barin yaro yadda ta same shi ba. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Saboda haka idan maigida ko ɗanki na zuwa haƙar zinare, kada ki yarda a kawo dutsen cikin gida, kada kuma ki ba da turmin girkinki a daka shi. Ya yi wanka ya sauya tufafi da takalmi tun a wurin aiki, a wanke kayan daban da na yara. Yaron da ya kama amai da ciwon ciki da kasala, ko ya yi jijjiga, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma gaya wa likita sana'ar mutanen gidan.

Ita kuwa tafiyar, ga abin lura. Ku bi ta kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, domin shi zai nemo izinin hukuma ya kuma ba ku jagora. Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da zafi ya yi sauƙi. Ki ɗauki ruwa fiye da yadda kike zato, da abinci, da hula da rufaffen takalmi ga kowane yaro saboda kunama da tsinin dutse. Kada kowa ya leƙa tsohon rami balle ya shiga, domin bakinsa kan rufta. Kada yara su ɗauko dutse ko tsingaro su zuba a aljihu, dokar Masar ta hana ɗaukar kayan tarihi. A wanke hannu kafin a ci abinci.

In kun tsaya a kan duwatsun niƙan nan, ki nuna wa 'yarki ɗan kunnen da ke kunnenta, ki gaya mata ko su wane ne suka durƙusa a wurin da kuma abin da suke niƙawa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.