William Yancey: Lauya, Edita, Mai Bayi

An haifi William Lowndes Yancey a jihar Jojiya ta Amurka a 1814. Mahaifinsa lauya ne, ya rasu a 1817. Mahaifiyarsa Caroline ta auri wani limamin coci, Nathan Beman, wanda ya kwashe iyalin zuwa garin Troy a jihar New York. Yancey ya tashi agola a gidan da ba a rabuwa da rigima. Beman ya sayar da bayin matarsa, sannan ya hau mumbari yana la'antar bauta.

Nan masu rubuta tarihinsa ke son yada zango. Wai munafuncin mijin uwa ne ya cusa masa ƙin masu yaƙi da bauta. Da ƙamshin gaskiya a ciki. To amma da ya koma kudu ya koyi aikin lauya a garin Greenville a hannun Benjamin Perry, ya zama editan jaridar Greenville Mountaineer a 1834, haɗin kan ƙasa yake karewa, alhali Beman na nan da ransa. A 1835 ya auri Sarah Earle, ta zo masa da bayi 35. Mutum 35, kowa da uwarsa da sunansa, ana lissafa su kamar kwanukan jeren amarya, marubuta kuma su wuce a layi ɗaya su koma kan ɓacin ran maigida! Wanda ke neman inda alƙalaminsa ya karkata, sai ya fara dubawa nan.

A 1838 ya harbe kawun matarsa, Dakta Robinson Earle, har lahira. An yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, gwamna ya yi masa afuwa bayan 'yan watanni. A Alabama ya riƙe jaridar Wetumpka Argus tare da ƙanensa Benjamin, ya shiga Majalisar Wakilai ta Amurka a 1844. A 1860 shi ya jagoranci ficewar wakilan kudu daga taron jam'iyyar Dimokurat a Charleston, jam'iyyar ta dare, Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

Da jihohin kudu suka ɓalle, gwamnatin 'yan aware ta tura shi Ingila da Faransa a 1861 neman a amince da ita, ya dawo hannu rabbana. A majalisar dattawansu, wani sanata, Benjamin Hill, ya jefe shi da kwalbar tawada ana cikin muhawara. Ya rasu a Montgomery a watan Yulin 1863, shekaru biyu kafin a haramta bauta a Amurka baki ɗaya.