Gargaɗi a kan Sa'o'in Safiya da Ciwon Zuciya da Shanyewar Ɓarin Jiki

 

Ku sani, ya 'yan'uwa, cuta biyu nake nufin magana a kansu: toshewar jijiyar zuciya, wadda ke kayar da mutum farat ɗaya, da shanyewar ɓarin jiki. Likitoci sun lura waɗannan biyu sun fi aukuwa daga ƙarfe 6 na safe zuwa tsakar rana. A shekarar 1985 likita James Muller da abokan aikinsa a Boston ta ƙasar Amurka suka bayyana cewa toshewar jijiyar zuciya wajen ƙarfe 9 na safe ta ninka ta ƙarfe 11 na dare kamar sau uku. A 1998 kuma likita William Elliott ya tara lissafin shanyewar jiki fiye da 11,000, ya iske haɗarin safiya ya ɗara matsakaicin haɗarin dare da rana gaba ɗaya da kusan rabi.

Dalilinsa kuwa, in mutum yana barci jininsa yakan sauka, zuciya ta sassauta. Da ya farka ya miƙe sai zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau, kuma a wannan lokaci ne jini ya fi saurin daskarewa. Mai lafiya ba ya jin komai. Amma wanda kitse ya ƙuntata masa jijiya, ko hawan jini ya gajiyar da ita shekara da shekaru, gudan jini ɗaya ya isa ya toshe ta, ko kuwa ta fashe a cikin kai.

Wani malalaci zai ce, to, mu bar sammako. Wannan ba hujja ba ce, gama haɗarin farkawa yake bi, mai barci har hantsi ɗage shi kawai ya yi. Kada kuma a amince wa dare, domin fiye da rabin masu kamuwa a sauran sa'o'i suke kamuwa.

Abin da nake gani ya fi kashe mu shi ne jinkiri. Dattijo zai tashi da asuba bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta harɗe, sai a ce sanyi ne, a bari rana ta yi. Wasu su ce iska ce ta buge shi. Alhali maganin da ke narkar da gudan jinin galibi cikin sa'a huɗu da rabi ake ba da shi, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbata jijiya ba fashewa ta yi ba. Wanda ya farka da cutar kuwa, daga lokacin da aka rabu da shi lafiya ake lissafi. Saboda haka a ɗauke shi nan take, a yi masa addu'a a kan hanya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, gama haɗiya takan lalace, abin ya bi ta huhu. Haka wanda ya ji nauyi a ƙirji da gumi, ciwon yana gangarawa hannu ko muƙamuƙi, kada ya jira gari ya waye.

Duk wanda ya girma ya riƙa auna jininsa; in yana kaiwa 140 bisa 90, ya ga likita. A rage gishiri, a bar taba. Mai shan maganin hawan jini kada ya tsallake rana. Safe ko dare kuwa, a 2022 aka bayyana gwajin mutum fiye da 21,000 a Birtaniya, ba a sami bambanci ba, sai ya zaɓi lokacin da ba zai manta ba.

Almajirai, ku kuke kwana kusa da malamanku, ku kuke fara ganinsu da asuba. Ku riƙe alamun nan.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalamu.