Wa Zai Zaɓi Abin Da Za A Kafa A Shataletalen Potiskum?

Potiskum gari ne da hanyoyi suka haɗu a cikinsa. Mai fitowa daga Kano ta Azare nan zai ratsa, haka mai tasowa daga Bauchi ko Gombe, haka wanda ya gangaro daga Gashuwa, kafin a kama hanyar Damaturu da Maiduguri. Ga kasuwar shanu wadda sunanta ya zaga Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga manyan motocin ɗaukar kaya da suka zama sana'ar gidaje da yawa. To amma baƙon da ya ratsa garin, me yake gani da zai gaya masa su wane ne mutanen wurin? Abin da ya fi cika masa ido shi ne fastocin 'yan siyasa da allunan talla. Garin da Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Ngamo da Fulani da Hausawa da Barebari suke zaune tare ya cancanci fiye da haka.

Shawarata ita ce a ware wasu wurare a fili, uku ko huɗu sun isa, a gina musu dakali mai ƙwari, a riƙa ɗora ayyukan sassaƙa da ƙira na masu fasaharmu a kai, kowane aiki ya yi shekara ɗaya ko biyu a sauke shi a ɗora wani. Gina dakalin abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne wanda zai zaɓi abin da za a ɗora, da hanyar da zai bi wajen zaɓen.

Mu duba abin da ya faru a Kano. Lokacin da jihar ta cika shekara 50 da kafuwa a 2017, an yi wani dogon gini na ado a shataletalen gidan gwamnati, wanda mai zane Kaltume Gana ta tsara. A watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan rantsar da gwamnatin Abba Kabir Yusuf, aka wayi gari an rushe shi. An kawo dalilai: cewa yana tare wa direbobi gani, cewa akwai matsalar tsaro da ingancin gini, har wani babban jami'i ya ce akwai alama mai kama da gicciye a jikinsa. Ba na nan don in yanke hukunci tsakanin gwamnatin da ta gina da wadda ta rushe. Abin da ya dame ni shi ne, duk waɗannan tambayoyi ne da ya kamata a yi su a bainar jama'a tun kafin a zuba buhun siminti na farko. Da an yi haka, da ko dai an gyara zanen tun yana kan takarda, ko kuma a ce jama'ar gari sun riga sun amince da shi har su tsaya masa. Da yake a ofis aka yanke shawarar ginawa, a ofis ɗin aka yanke ta rushewa, dukiyar talakawa ta tafi a banza, ita kuma mai zanen ta ga aikinta ya zama tarkace.

A can kudu ma an ga irin wannan. A 2017 gwamnan Imo na lokacin, Rochas Okorocha, ya kafa mutum-mutumin Jacob Zuma na Afirka ta Kudu a Owerri, 'yan jihar suka yi ta tambayar me ya haɗa su da shi. Ra'ayin mutum ɗaya ne aka ɗora wa gari guda.

Tsarin karɓa-karɓa yana maganin wannan cuta ta hanya biyu. Abin da aka san wa'adinsa shekara biyu ne, ba a tayar da jijiyar wuya a kansa kamar abin da aka ce ya zauna ke nan har abada. Wanda bai so na bana ba zai jira na baɗi. Sannan sabuwar gwamnati ba ta da dalilin turo katafila, tunda aikin zai sauka da kansa idan lokacinsa ya yi. A Landan akwai wani dakali a dandalin Trafalgar da aka gina a 1841 domin mutum-mutumin wani sarki, kuɗi suka ƙare, ya zauna wayam sama da shekara 150. Daga 1999 aka fara ɗora ayyuka a kansa ɗaya bayan ɗaya. Kwamitin masana ne ke tace masu fasaha, kowannensu ya yi ƙaramin samfurin abin da yake son kafawa, a baje samfuran inda kowa zai shiga ya gani ya faɗi ra'ayinsa, sannan a sanar da wanda aka ɗauka. A 2010 Yinka Shonibare, wanda asalinsa ɗan Nijeriya ne, ya ɗora jirgin ruwa a cikin ƙatuwar kwalba, ƙyallayen da iska ke turawa kuma da atamfa ya yi su. Da wa'adinsa ya cika aka tara kuɗi aka saye shi, aka kai shi gidan tarihin jiragen ruwa da ke Greenwich. Abin ɗauka a nan shi ne ƙaramin samfurin nan da ake nuna wa mutane kafin a kashe kuɗi.

Na san abin da ke ran mai karatu tun sakin layi na farko, kuma tambaya ce mai nauyi: ina matsayin addini? Mafi yawan malamanmu sun tafi a kan haramcin sassaƙa cikakkiyar siffar abu mai rai, kuma mafi yawan mutanen Potiskum ba za su yarda a kafa musu mutum-mutumi a tsakiyar hanya ba. Ni ma ba na kira ga haka. Senegal ta gwada a 2010, lokacin da Shugaba Abdoulaye Wade ya ƙaddamar da ƙaton mutum-mutumin miji da mata da ɗa a Dakar, wanda wani kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera. Limaman ƙasar sun fito sun yi tir da shi. Amma duk alhajin da ya zaga Jidda ya ga wata hanya daban. A shekarun 1970 da 1980, Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya yi magajin garin, ya cika shataletale da bakin teku da ɗaruruwan ayyuka: ƙaton keken nan da ya zama alamar kwatance, manyan fitilu irin na masallatan dā, jiragen ruwa, siffofin lissafi, har da ayyukan mashahuran Turawa irin su Henry Moore da Joan Miró. Galibinsu babu siffar mutum. Ƙa'idar addini ba ta hana Jidda yin kyau ba, sai ma ta sa masu fasahar suka zurfafa tunani.

Mu kuwa abin da za mu nuna ba ya ƙarewa. A nan jihar Yobe, a ƙauyen Dufuna da ke ƙaramar hukumar Fune, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen da bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga itace guda. Shi ne mafi tsufa da aka gano a Afirka. Yara nawa ne a makarantunmu suka san da shi? A ce an ƙera kwatankwacinsa da ƙarfe, daidai tsawonsa, an ɗora a bakin hanyar Damaturu, da ya koyar da tarihi fiye da darasin aji. Ga sandar makiyayi da malafarsa da ƙwaryar nono domin kasuwar shanu, ga zangarniyar gero, ga garma, ga kakaki da algaita. Ga kuma abin da ya fi sosa rai: ɗaliban da aka kashe a makarantar Mamudo ranar 6 ga Yulin 2013, da waɗanda bam ya hallaka a makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum ranar 10 ga Nuwamban 2014. Allo da alƙalami na ƙarfe, ba tare da hoton kowa ba, za su isa su tuna wa mai wucewa ya yi musu addu'a. Sai dai ina roƙon kada a rubuta ayar Alƙur'ani a jikin abin da zai tsaya cikin ƙura da hayaƙin mota, inda gobe wani zai zo ya manna fostar ɗan takara a kai.

Masu aikin ma ba sai an ɗauko su daga Legas ba. Ka tsaya a garejin masu gyaran bodin tirela ka ga yadda mai walda ke duban faffaɗan ƙarfe, ya ja layi da alli, ya yanka, ya lanƙwasa, ya haɗa kusurwa ba tare da takardar zane ba, kuma ta fita daidai. Ka ga mai fenti yana zana furanni da rubutu a bayan mota da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da gwangwanin fenti, layinsa ba ya karkacewa. Waɗannan masu fasaha ne, ba a taɓa kiran su da sunan ba ne kawai. A haɗa su da maƙera da masassaƙa da mata masu ginin tukwane da masu zanen ƙwarya, a haɗa su da malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Potiskum. Idan ana son idon ƙwararre daga waje, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tsohon sashen zane da sassaƙa, har da lambun da ɗalibai ke kafa ayyukansu. A gayyato mutum ɗaya ya ba da shawara.

Kwamitin zaɓe shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan ne nake jin tsoron a ɓata rawa da tsalle. Potiskum gari ne mai fada biyu, ta Mai Fika da ta Mai Potiskum, kuma kowa ya san yadda maganar asali da mallakar gari take da zafi. Alama ɗaya da aka kafa ta dindindin za ta iya zama abin gori tsakanin ƙabilu. Don haka kowace fada ta ba da wakili, a sa malamin addinin Musulunci da na Kirista, a sa mace aƙalla ɗaya daga masu sana'ar hannu, da wakilin direbobi, da injiniya. Injiniyan da direban aikinsu a bayyane yake: su tabbatar abin bai tare wa mai tirela ko mai Keke Napep gani ba, zai jure zafin bazara da ƙurar hunturu, kuma guguwar farkon damina ba za ta tumɓuke shi ta jefa wa mutane ba. A yi shela a rediyo da masallatai da coci-coci, kowa ya kawo samfurinsa wanda bai wuce kamu biyu ba, a cire sunayen masu su a sa lamba, domin kada a zaɓi ɗan wane. A baje su mako biyu a sakatariyar ƙaramar hukuma, a kai su kasuwa ranar da take ci. Wanda ke da ƙorafi na addini ko na al'ada ya faɗa a lokacin. Ɗan kwamiti kuma kada ɗan'uwansa ya shiga gasar, kuma kada a sa sunan gwamna ko ciyaman a jikin aikin. Sunan wanda ya ƙera shi kaɗai za a rubuta.

Akwai kuma hakkin mutanen gefe. Ƙaramar hukumar Potiskum ba cikin gari kaɗai ba ce. Akwai Ngojin da Alaraba, akwai Mamudo, akwai Danchuwa. Idan aiki ya gama wa'adinsa a tsakiyar gari, kada a jefar da shi a bayan ofis tsatsa ta cinye. A kai shi harabar makarantar firamare a Ngojin ko bakin kasuwar wani ƙauye ya ci gaba da amfani. Yaron da ya tashi yana ganin abin da maƙerin garinsu ya yi an girmama shi, zai kalli sana'ar hannu da wani ido.

Wani zai ce ana fama da ruwan sha da tsadar abinci, wa ke ta ado? Gaskiya ne, kuma ba na neman a taɓa kuɗin rijiya ko na asibiti. Ai ko yanzu ana kashe kuɗi a kan fentin shataletale da allunan maraba, sai dai ta hanyar kwangilar da ba wanda ya san yadda aka bayar. Kuɗin nan ne nake so a juya su zuwa aljihun masu sana'ar garin. Tsofaffin ƙarafan mota kuma ba su da wuyar samu a Potiskum, kuma cikin masu motocin haya da dillalan shanu ba za a rasa wanda zai ɗauki nauyin aiki ɗaya ba.

Ina kira ga shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa, musamman na mazaɓar Ngojin da Alaraba, da iyayenmu sarakuna biyu: a fara da dakali ɗaya, a kafa kwamitin a fili, a rubuta ƙa'idojin cikin Hausa da harsunan garin a manna inda kowa zai karanta. Ku kuma masu walda da maƙera da matasan da ke zane, ku haɗa kanku ku kai wannan buƙata a rubuce, kada ku jira sai an ba baƙo kwangilar sannan ku fara ƙorafi.