RA'AYI: A Bar Mu Mu Ɗinka Furanninmu Da Kanmu

Daga wata ɗalibar aji biyar, 'yar Ƙungiyar 'Yan Jarida



Duk shekara idan ranar al'ada ta matso, ana kafe sunayen waɗanda za su fito a rawa da wasan kwaikwayo, kuma duk shekara kafin ranar ta zo sai an goge wasu sunayen. Sau da yawa waɗanda ake gogewa su ne gwanayen. Abin da ke fitar da su shi ne jerin kayan da aka ce kowa ya zo da su: atamfar anko, da sarƙa, da abin hannu, da furen roba na maƙalawa a kafaɗa ko a ɗankwali, duk a saya ko a ɗauko haya. Yarinyar da a gidansu ake lissafin kuɗin cefane ba za ta iya buɗe baki ta nemi kuɗin fure ba. Sai ta ce wa malama ba a bar ta ba a gida, malama ta sa wata a gurbinta, magana ta wuce.

Maganar atamfa ta fi ƙarfin wannan takarda. Amma game da fure da sauran ƙananan kayan ado ina da shawara: makaranta ta hana sayen su gaba ɗaya. Duk furen da za a gani a jikin ɗaliba ko ɗalibi ranar al'ada, ya zama a nan aka ɗinka shi, da ƙyallayen da teloli suke sharewa. Na ce a hana kowa da kowa ne da gangan. In aka ce mai hali ya saya, marar hali ya ɗinka, to an buga wa marar hali tambari a kafaɗa, kuma ba wadda za ta yarda ta fito da shi.

Kayan aikin suna nan kewaye da mu. Daga nan Gobarau a bi ta Ƙofar Soro, ko a nufi Babbar Kasuwa, a ƙirga shagunan ɗinki nawa za a wuce. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma ba telan da zai fitar da wuya da hannu da hammata ba tare da ƙyalle ya zuba ƙasa ba. Haka leshi, haka shadda, haka ribon da bakin leshin da ake yi wa riga ado da shi, wanda kullum sai an rage guntu kamar taƙi ɗaya. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli ke kwana a kan keke, abin har tsibi yake yi. Wasu suna sayar wa masu cusa matashin kai. Sauran kuwa ko a cinna masa wuta a bayan shago, ko ya ƙare a kwata ya haɗu da leda, damina ta zo ruwa ya rasa hanya.

Sai dai akwai abin lura a nan, kuma malamin addini zai fi ni bayaninsa. Ragowar yadi mai girma haƙƙin mai kaya ce, ba ta tela ba ce balle ya yi kyauta da ita. Abin da za mu roƙa shi ne wanda ya faɗi ƙasa aka share, wanda mai shi ba zai waiwaye shi ba. Kuma roƙo ne, da sallama da gaisuwa. Kada a tura 'yan aji ɗaya su dinga wawure a ƙarƙashin keken mutane.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka aikin yana da wuya. A wanke ƙyallen a goge shi. A ɗora gwangwanin madara a kai a zagaye da alli, a yanka da'ira biyar da almakashi. Kowace da'ira a ninka ta biyu, a bi bakin da ya lanƙwasa da allura, shiga-fita, shiga-fita, ba tare da an tsinke zaren ba, har a jera duka biyar ɗin a zare ɗaya. Idan aka ja zaren sai su tattare, kowace ta zama kunnen fure. A ƙulle, a ɗinka maɓalli ko dutsen ado a tsakiya don ya rufe ramin, a liƙa ƙyalle mai tauri a baya, a sa fil. Na bakin leshi ya fi wannan sauƙi: guntu mai tsawon kamu ɗaya, a bi gefe guda da irin wannan ɗinkin na tattara, a ja, a naɗe shi yana zagaya kansa. Shi leshi da ma ya zo da adonsa, ba ya buƙatar komai. Atamfa ta fi tsayawa da kyau saboda auduga ce. Shadda tana da ƙyalli, amma bakinta na zarewa, sai an kalmashe shi. Wanda hannunsa ya faɗa zai gama fure ɗaya kafin a tashi daga tara.

Akwai wata hanya da ake gani a waya, inda ake kara bakin ƙyallen santsi a wutar kyandir don ya narke ya lanƙwashe kamar furen gaske. Yana yin kyau, ban musa ba. Amma ina roƙon kada a kawo ta cikin aji sai malami na tsaye. Yadin roba narkewa yake ya manne a fata, kuma yawancin hijaban da muke sawa irin wannan yadin ne. Ɗalibai hamsin da kyandir a aji ɗaya, kowa da hijabi har gwiwa, ba abin gwadawa ba ne. Abin da ya dace da ɗakin gwaje-gwaje shi ne malamin kimiyya ya riƙe zare biyu da hantsaki ya ƙona mana mu gani: auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa tana dunƙulewa ta zama ƙwallo baƙi mai tauri. Daga ranar ba mai sayar mana da roba da sunan auduga.

Na san abin da wasu za su ce: furen ƙyalle ba al'adar Bahaushe ba ce. Gaskiya ne kakanninmu da lalle da murjani da tsakiya da awarwaro suka yi ado. To amma atamfar da muke anko da ita fa? Samfurinta daga Indonesiya Turawan Holan suka kwaikwayo, shi ya sa har yau ake cewa atamfa 'yar Holan. Shaddar Getzner da ake ji da ita a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, kuma daga can da Suwizalan manyan lesuka suka fara zuwa mana. Furen robar da ake sa mu saya, shi ma shigo da shi ake yi daga waje. Abin da yake namu tun fil azal shi ne iya mai da tsumma abin amfani. Wace ce a cikinmu ba ta ɗinka wa 'yar tsana zani da ƙyalle ba? Wane ne bai buga ƙwallon tsumma ba? Ku tuna tashe, idan azumi ya kai goma: gemun auduga, rawanin tsohon zani, tumbin tsummokara, kuma unguwa guda ta fito kallo. Ba wanda ya taɓa zuwa haya don ya yi tashe.

Ban ce a liƙa fure ko'ina ba. In za a yi wasan Korau da Sanau, ko na zuwan Shehu Magili Katsina a zamanin da ake danganta ginin hasumiyar nan da shi, fure ba shi da wuri a jikin kowa. A can ƙyallen zai yi wani aikin: layun ɗan kokawa, da tuntun hula, da ɗamara, da gezar kayan doki. Furanni na 'yan rawa ne, da ƙawayen amarya a wasan biki, da masu tarbar baƙi ranar rabon kyaututtuka. Haka kuma ban nemi a bar mu mu maƙala su a kayan makaranta ranar Litinin ba.

Sai ku 'yan uwana maza, da na ji tun yanzu kuna cewa aikin mata ne. Wa ya ɗinka muku kaftanin Sallah? Wa ke zama a zaure da allura yana fitar da aska takwas a babbar riga, aikin da kan ci watanni? A garin nan allura ta daɗe tana ciyar da magidanta. Wanda ya iya sa maɓalli da kansa ba zai tsaya jiran ƙanwarsa da safe ana kaɗa ƙararrawa ba.

Ga malamanmu na CCA da na darasin kula da gida, da girmamawa nake cewa mun rubuta sunayen ɗinki iri-iri a littafi, mun haddace, mun ci jarrabawa, amma da yawanmu ba mu taɓa zura zare a allura a cikin aji ba. Darasi biyu kacal muke roƙo a zangon da ranar al'ada ta faɗo a ciki. Allura da zare da fil ne kawai za a saya, almakashi kuwa biyar sun ishi aji in za a yi karɓa-karɓa. Su kuma alƙalan gasa, a ware maki na musamman ga ajin da ya yi adonsa da hannunsa, a kuma tambayi wadda ta maƙala furen yadda aka yi shi, don kada wata ta kai wa telan gidansu ya ɗinka mata.

Ƙungiyarmu za ta nemi izinin shugaban makaranta ta ajiye buhu a gindin wannan allo. Duk mai tela a gida ko a maƙwabta, ya gaishe shi ya roƙo mana sharar mako ɗaya. A tsince allurai da reza kafin a zuba, don ƙananan yara ne za su fara sa hannu a ciki.