WASIƘAR GOBIR: Rundunar Ƙawance Da Rabon Mutanen Bakin Iyaka

Zuwa ga Edita,

Ga ni na komo filin da ka saba ba ni, yau da zancen ƙawancen soja da Nijeriya take ƙullawa da maƙwabtanta, da abin da take bayarwa a ciki, da abin da mu mutanen Sabon Birni da Isa muke gani daga gare shi. Ni akawu ne, ba soja ba, don haka lissafi zan yi: shafi ɗaya na abin da ya fita, ɗaya na abin da ya shigo.

Ba yau ƙasar nan ta fara kai ɗauki ba. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga 1943 zuwa 1945. Sojanmu sun tafi Kwango a 1960, sun shiga Laberiya a 1990 cikin rundunar ECOMOG, wadda yawancin mutanenta da kuɗinta namu ne, kuma su suka mai da Shugaba Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998. Amma ƙawancen da ya fi kusa da halinmu shi ne rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, wadda ake kira MNJTF.

Nijeriya ce ta kafa ta a 1994 don maganin 'yan fashin bakin iyaka, sa'an nan Chadi da Nijar suka shigo a 1998. Da Boko Haram ta cinye hedkwatarta da ke Baga a watan Janairu 2015, sai aka sake mata shiri, Kamaru da Jamhuriyar Benin suka shigo, aka mai da hedkwata Njamena. Aka raba ta kashi huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Diffa a Nijar, namu kuwa a Baga, daga baya ya koma Monguno. A wannan shekara Shugaba Buhari ya yi alkawarin dala miliyan 100, aka kuma yarda kwamandan rundunar ya riƙa fitowa daga Nijeriya. Wannan ke nan shafin abin da ya fita, ban da jinin samarinmu, wanda ba shi shiga littafin akawu.

Na ji waɗansu suna cewa duk wannan asara ce, gara a tattara sojanmu su tsare gida. Ban yarda da su ba, domin shafi na biyu ba fari yake ba. A farkon 2015 sojan Chadi suka ƙetaro suka ƙwato Gamboru da Dikwa, a watan Maris kuma su da na Nijar suka ƙwato Damasak. Garuruwanmu ne waɗannan, 'ya'yan maƙwabta ne suka mutu a kansu. Ashe wanda ya ba da gudunmawa a gonar wani ranar gayya, shi ma yakan samu hannuwa ranar tasa.

To, ya ku masu karatu, ku juyo da ido yamma, nan ƙasar Gobir. Duk dalilin da ya sa aka haɗa runduna a Tafkin Chadi akwai shi nan. Ɓarayin daji suna kai hari wannan gefe su gudu wancan, suna kora shanu ta hanyoyin da suka fi soja sani, makamai kuwa suna shigowa ta inda ba mai tsaro. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba Gobirawa biyu, sarauta ɗaya a Tsibiri kusa da Maraɗi, ɗaya a Sabon Birni, amma ba ta raba aure da kasuwa ba, balle ta tsai da ɓarawo. Soja kaɗai take tsayarwa, shi da yake jiran izini.

Abin da wannan ya jawo ba ɓoyayye ba ne. Tun 2019 dubban mutanenmu suke gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. A watan Mayu 2020 an kashe mutum fiye da 60 a ƙauyukan Sabon Birni, a watan nan kuma Sanata Ibrahim Gobir ya shaida wa majalisa cewa sojan Nijar ne suke kawo wa jama'arsa ɗauki. A watan Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙan su duka.

Ba na ce ba a taɓa yin ƙoƙari ba. A watan Satumba 2019 gwamnonin Sakkwato da Katsina da Zamfara sun tafi Maraɗi sun yi yarjejeniyar tsaro da gwamnan can. Sai aka yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka har watan Maris 2024. Janar Christopher Musa, sa'ad da yake babban hafsan tsaro, ya tafi Yamai a watan Agusta 2024 neman gyara, amma duk da haka Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025, ta kuma janye daga rundunar Tafkin Chadi a watan Maris na shekarar. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, mu kuwa a bakin tsagar muke zaune.

Roƙona ga hukuma guda uku ne. Na fari, a raba zancen tsaron iyaka da gardamar wanda yake mulki a Yamai, domin ɓarawon shanu ba ruwansa da wannan tambaya. Na biyu, a nemi shiri irin na Tafkin Chadi tsakanin Sakkwato da Maraɗi da Tawa: ofis ɗaya inda hafsoshin ƙasashen biyu za su zauna tare, sintiri tare, da izinin bin sawun mai laifi in ya ƙetare. Na uku, a sa sarakuna da masu unguwanni na gefen biyu cikin shawara, gama su suka san baƙo da ɗan gari.

Ƙasar da ta iya ƙulla ƙawance don Monrobiya da Firitawun, lalle ba za ta kasa ƙulla shi don Gatawa da Isa ba. Babbar yaya ce ake kiranta, kuma babba shi yake fara miƙa hannu. Ina so malamai da akawuna na Maraɗi da Madawa masu karanta jaridar nan su rubuto mu ji ra'ayinsu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Wasalam.

Ni ne naku,
Akawun Gobir, Isa.