Idan ƙafa ta karye, wa zai riƙe ɗan wasa?

A watan Satumban 2024 ƙungiyar San Francisco Giants ta Amurka ta damƙa ragamar harkokin wasanta ga tsohon ɗan wasanta na besbol, Buster Posey. Wasan baƙo ne a ƙasarmu, amma labarin ya shafi duk mahaifin da ɗansa ke shirin barin gonar shinkafa a Kura ko Bunkure domin neman sa'a a ƙwallon ƙafa.

Aikin Posey shi ne cafe ƙwallo. Yakan tsuguna a bayan mai dukan ƙwallo da gora, sanye da kariyar fuska da ƙirji, yana yi wa mai jifa ishara da irin jifan da zai yi, yana kuma tsare wurin da ake cin maki. Aiki ne mai cin gwiwa. A watan Mayun 2011 wani abokin hamayya ya bangaje shi, ƙashin ƙafarsa ya karye. Ya warke, ya zama gwarzon ɗan wasan rukuninsa a 2012, sannan a 2014 aka kafa dokar taƙaita irin wannan karo. Ya yi ritaya a 2021 yana da shekara 34.

Abin lura shi ne tsarin da ya tallafe shi. A babbar gasar Amurka albashi ba ya tsayawa saboda rauni, kuma kwana 43 cikin jerin 'yan wasa ya isa mutum ya cancanci fansho. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan ce ta ƙwato waɗannan haƙƙoƙi.

A gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya kuwa, kukan jinkirin albashi ba sabon abu ba ne. A watan Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da wasa a Lafiya, ya rasu, lamarin da ya ta da muhawara kan tanadin agajin gaggawa a filayenmu.

Ruwan madatsar Tiga ya ba manomin Kura da Bunkure damar noma rani da damina. Ko da farashin tumatir ya faɗi bana, gona tana nan baɗi. Ɗan wasa kuwa ƙafarsa ce kaɗai jarinsa. Don haka kafin yaro ya sa hannu, iyaye su nemi kwantiragi a rubuce da ya fayyace wanda zai biya kuɗin jinya, kuma kada a sayar da gona domin kuɗin gwaji.